Suga ya riga tumbi sauka

Wanzamina ne ya fara nuna mini baƙin da ke bayan wuyana. Yana cikin aski ya ce, "Alhaji, wuyan nan yana son soso." Na koma gida na sa aka sayo sabulun salo, na dirje har fatar ta yi raɗaɗi, baƙin yana nan. Mai kauri ne, da santsi kamar karammiski, ya kewaye wuya ya sauka har hammata. Shekaru suka wuce kafin wani likita a Kano ya ɗaga mini wuyan riga ya ce ba dauɗa ba ce, alama ce ta insulin, sinadarin da ke shigar da suga cikin sassan jiki, da ya yi yawa a jini saboda jiki ya daina jin maganarsa.

Atamfa da shadda nake sayarwa a Kantin Kwari. Wanda ya san zaman shago ya san rayuwata: in na zauna da hantsi, sai salla ke tashe ni. Shayi mai madara da burodi da safe, shinkafa da rana, masa ko gurasa da la'asar in baƙi sun zo, lemon kwalba kuwa duk wanda aka saya wa baƙo sai an haɗa da nawa, da dare tuwo malmala uku. Tsayina mita 1.72, nauyina ya kai kilo 128. Ba wanda ya taɓa ce mini ba ni da lafiya. Cewa ake yi, "Alhaji, ana jin daɗi." Ni ma haka na ɗauka, duk da cewa in na hau benen shago sai na tsaya a tsakiya na huta, kuma matata ta sha tashina cikin dare don minsharina yakan yanke cak, sai ta ga kamar numfashi ya tsaya.

Mahaifinmu bai kai sittin ba ya rasu. Ya dawo daga sallar asuba, ya dafe ƙirji a zaure, kafin a samo mota ya cika. Shi ma mai jiki ne, shi ma yana da suga. Wannan zauren bai taɓa barin raina ba.

Ina da shekara 40 aka tabbatar mini da ciwon suga, hawan jini ya biyo baya. Na sha metformin, aka ƙara mini wani magani, na yi ta zogale da ruwan shuwaka da duk abin da aka ce yana taimakawa. Na yi tafiyar ƙafa bayan asuba wata huɗu, na rage kilo 8, damina ta zo na daina, na ƙara 11. A shekara ta shida gwajin suga na wata uku, wanda ke nuna matsakaicin sugan jini a tsawon wannan lokaci, ya nuna 9.4. Daga 6.5 ake cewa mutum yana da ciwon. Likita ya ɗora ni kan allurar insulin da dare. Sugan ya ɗan sauka, nauyi ya ƙaru, don allurar tana sa jiki ya adana abin da ya ci. Aka ɗauki hoton zuciyata, aka ce bangonta na hagu ya fara kauri saboda turin da take yi wa jini.

Ranar ce likita ya ajiye biro ya ce, "Alhaji, bari in yi maka bayani da yaren kasuwa." Ya ce abincin da na ci kamar mota ce ta sauke kaya a bakin layi. Kayan shi ne suga, layin shi ne jini, shagunan su ne tsoka da sauran sassan jiki. Insulin shi ne ɗan dako, shi ke ɗaukar kaya ya kai shago. In kitse ya cika tsoka da hanta, sai shagunan su ƙi buɗe ƙofa. Mai tura 'yan dako, wato fankiriyas, gaɓar da ke kwance a bayan tumbi, sai ta ƙaro 'yan dako, biyu su koma goma. Shekaru ana haka, kaya na shiga da ƙyar, gwajin suga na nuna lafiya lau, alhali jini ya cika da insulin. A wannan tsakanin ne wuyana ya yi baƙi. Sai ranar da ta gaji, kaya su taru su toshe layi, a ce mutum ya kamu da suga. Ga kuma hanta, wadda ita ce sito. Aikinta ta fito da suga cikin dare don kada jiki ya rasa, kuma insulin ne ke ce mata ya isa. Hantar da kitse ya lulluɓe ba ta jin wannan umarni, sai ta yi ta fito da kaya ana barci. Shi ya sa nake kwana ban ci komai ba in tashi in ga 220 a na'urar gwajin suga.

Na tambaye shi ina ruwan zuciya da wannan. Ya ce insulin mai yawa yana sa ƙoda ta riƙe gishiri, jini ya hau. Hantar nan mai kitse tana zuba maiƙo a jini, kwalastarol mai amfani ya ragu. Sugan kansa yana cin bangon jijiyoyin jini daga ciki, maiƙo ya samu wurin maƙalewa, hanya ta yi ta tsukewa har ranar da gudan jini zai toshe ta. In ta zuciya ce, abin da ya samu mahaifinmu ke nan. In ta ƙwaƙwalwa ce, shanyewar ɓarin jiki. Sannan ya ce akwai tiyatar rage tumbi, kuma a lissafin nauyi da tsayi ina kan 43, na wuce 35 ɗin da ake fara ba da shawarar yin ta.

Na yi wata biyar ban amsa ba. A ganina a lokacin, tiyatar masu son kyan jiki ce.

Ɗan yayana da ke karatun likita shi ya zauna da ni dare uku yana karanta mini abin da aka bincika, yana fassarawa. A Suwidin an fara wani bincike a 1987, aka bi mutum sama da 4,000 masu ƙiba, kusan rabinsu an yi musu tiyata, rabi ba a yi ba. A 2007 aka fitar da cewa mutuwa ta ragu da kusan kashi 29 cikin 100 a cikin waɗanda aka yi wa. A 2012 aka fitar da cewa bugun zuciya da shanyewar jiki ma sun ragu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani abu da suka gano a wannan na biyun: yawan nauyin mutum kafin tiyata bai nuna wanda zuciyarsa za ta fi amfana ba, yawan insulin da ke jininsa ne ya nuna. Na sa ya maimaita mini wurin. Ashe maganar ta jini ce kafin ta zama ta girman riga.

Ya karanta mini wani na Amurka, na 2019, inda aka kwatanta masu suga 2,287 da aka yi wa tiyata da wasu 11,435 masu kama da su da suka tsaya kan magani. Cikin shekara takwas, kusan 31 cikin 100 na 'yan tiyata sun gamu da ɗaya daga cikin manyan matsaloli, wato mutuwa ko ciwon zuciya ko shanyewar jiki ko lalacewar ƙoda, a ɗaya ɓangaren kuwa kusan 48. Yaron ya yi mini gaskiya, ya ce, "Baffa, a waɗannan biyun ba ƙuri'a aka jefa aka raba mutane ba, don haka ba za a ce tiyata kaɗai ta kawo bambancin ba." Wanda aka jefa ƙuri'a shi ne na birnin Cleveland, mutum 150 masu suga. Bayan shekara biyar, waɗanda gwajinsu na wata uku ya tsaya a 6.0 ko ƙasa sun kai kashi 29 a masu tiyatar karkata hanji, 23 a masu tiyatar rage tumbi, 5 kacal a masu magani kaɗai. Na lissafa da kaina: tiyata ta ninka magani sau huɗu zuwa shida, amma ko a cikin 'yan tiyatar, mafi yawa ba su kai wannan mataki ba. Wannan ya fi kwantar mini da hankali fiye da a ce mini zan warke sarai, don na daɗe a kasuwa, na san kayan da aka cika yabo.

Hajiyarmu ce ta fi wuya. Ta ce, "Kai ɗan nan, da lafiyarka za ka kai kanka a yanka maka ciki? Abin da Allah ya halitta?" Na ce, "Hajiya, ki tuna Baba." Ta yi shiru ta kau da kai. Na je wurin malaminmu da wannan tambayar tata, ya ce neman magani ne, ba canza halitta ba, tunda likitoci sun tabbatar da cutar kuma sun ga amfanin ya rinjayi haɗarin. Na yi istihara. Na sayar da fuloti ɗaya. Bayan kwana biyu Hajiya ta aiko a kira ni, ta sa mini albarka.

Alƙahira na zaɓa, don jirgi na tashi kai tsaye daga filin jirgin Malam Aminu Kano, kuma akwai ɗalibai 'yan gida a Azhar da za su yi wa mutum tafinta. Kafin in tafi, likitan can da likitana na Kano suka yi magana ta waya, aka ɗora ni kan abinci na mako biyu don hanta ta kankance, saboda tana kwance a kan tumbi, sai an ɗaga ta ake aiki. Ba tuwo, ba shinkafa, ba burodi, ba suga. Kindirmo, romo, ganye, ɗan kifi ko ƙwai. Kwana ukun farko kaina ya yi ta sara, na yi ta faɗa da yaran shago ba dalili. A kwana na biyar na gwada da safe na ga 160. Likita ya rage mini insulin, don in an rage abinci ba a rage allura ba, suga na iya faɗuwa ya kayar da mutum. Kafin mako biyun su cika ina ganin 140, kuma kilo 4 kaɗai na rage. Ban fahimci abin ba a lokacin.

A can suka sake komai: jini, hoton zuciya, hoton ƙirji, suka zura kyamara ta maƙogwaro suka duba tumbi. Likitan tiyata ya zana mini iri biyu a takarda. Ta farko Misirawa na ce mata takmim: a yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a fitar, a bar siriri kamar ayaba. Ta biyu, wato karkata hanji, a keɓe ɗan aljihu a saman tumbi a jona shi da hanji can ƙasa, abinci ya tsallake wani sashe. Ya ce ta biyun ta fi ƙarfi a kan suga, kuma ita ta dace da mai ƙwarnafi, amma ta fi jawo ƙarancin sinadaran jiki, tana son bibiya sosai. Ba ni da ƙwarnafi, kuma Kano zan koma, nesa da shi. Muka tsaya kan takmim. Ya faɗi haɗarin ba ɓoye-ɓoye: ɗinki na iya yoyo, jini na iya zuba, gudan jini na iya tasowa daga ƙafa ya tafi huhu, kuma akwai waɗanda ke mutuwa, duk da ba su da yawa. Na sa hannu. Daren nan na rubuta wasiyya, na lissafa bashin da ake bina da wanda nake bi, na ba matata.

Daga tiyatar kanta, abin da na riƙe kaɗan ne. Sanyin ɗakin, fitilu, wata nas da ta ce mini in yi bismilla. Na farka da ƙananan huji biyar a ciki, ba doguwar yanka ba, da ciwo a kafaɗar hagu, wanda aka ce iskar da suka hura a ciki ce ke jawo shi. Matata na gefe tana cewa, "Alhaji, sannu, an gama." Kafin magariba suka tashe ni tsaye, suka ce sai na taka, don kada jini ya daskare a ƙafa. Na yi ta kai da komo a baranda ina jan sandar ƙarin ruwa. Washegari aka ba ni ruwa a ɗan ƙaramin kofi, aka ce in kurɓa kaɗan-kaɗan. Kurɓa uku na ji kamar na cinye akushi.

A rana ta uku nas ta soki yatsana da asuba, ta nuna mini: 118. Ba allurar insulin tun ranar tiyata. Na ce ta sake, ta sake, 121. Na dubi cikina, yana nan yadda yake, har ma ya ɗan kumbura. Shekara shida ban ga irin wannan lamba da safe ba. Na juya fuska bango na yi kuka.

Da likita ya zo zagaye na tambaye shi ta bakin tafinta yadda suga ya sauka alhali ƙibar tana nan. Ya ce hanta ce ke fara farfaɗowa. In abinci ya ragu sosai, kitsen cikinta ne ke fara narkewa, cikin kwanaki sai ta koma jin umarnin insulin, ta daina zubo suga cikin dare. Abin da na fara gani ke nan tun a mako biyun Kano. Sannan abinci yanzu yana saurin isa hanji, hanji kuma ya saki wani sinadari mai suna GLP-1 da yawa, shi ke zaburar da fankiriyas ta fito da insulin daidai lokacin cin abinci, ya kuma gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Sashen tumbin da aka cire kuwa shi ne ke samar da mafi yawan sinadarin da ke sa jin yunwa. Tsoka ita ce mai jinkiri. Ba za ta buɗe ƙofa sosai ba sai nauyi ya sauka da gaske, wata da watanni. Ya ce kada in yar da metformin tukuna.

Kwana goma na yi kafin a bar ni in hau jirgi, ina yi wa kaina allurar tsinka jini kullum.

Wahalar gaske a gida take. Mako biyu ruwa-ruwa, sai mako biyu abin da aka dama ko aka markaɗa, sai mai laushi. An ce in nemi abinci mai gina jiki gram 60 zuwa 80 a rana, a tumbin da bai ɗaukar fiye da ludayi. Matata ta zama ita ce likitar: kindirmo marar suga, alale, dafaffen ƙwai, romon kaza da aka tace, kifi da aka murmushe. Ba a haɗa ci da sha, sai an bar rabin awa tsakani, abin da ya fi komai ba ni wuya a zafin Kano. Ranar da na fara gwada tuwo, loma ta uku ta tsaya mini a ƙirji kamar dutse, na yi amai. Har yau tuwon shinkafa bai zauna mini daidai. Akwai kuma wani kaɗaici da ban yi tsammani ba. A shago tare muke ci a tire ɗaya, mutum shida. Yanzu in na yi loma huɗu sai in janye hannu in zauna ina kallo. Wata uku na yi kafin in daina jin kamar an fitar da ni daga cikin mutane.

A mako na shida na miƙe daga sujada sai jiri ya kwashe ni, na dafa bango. Jinina ya sauka ƙasa da kima, don ina shan magungunan hawan jini uku irin na mai kilo 128. Likitana ya cire ɗaya, bayan wata biyu ya cire na biyu. Ya ba ni maganin kare matsarmama na wata shida, saboda saurin ramewa na sa tsakuwa ta taru a cikinta. Ya hana ni magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda muke saya a kemis ba tunani, don suna iya ƙwarzane sabon tumbin. Bitamin kuwa, da maganin ƙarin jini, da na ƙarfin ƙashi, da B12, ya ce abokan zama ne har ƙarshen rai.

Mutane suka fara magana. Wasu suka ce karayar arziki ce, wasu suka ce sammu, wasu suka yi ta raɗa wata cutar daban. Wani dattijo maƙwabcin shago ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, in wani abu ne ka faɗa mana, ba a ɓoye ciwo." Da farko na so in rufe, daga baya na ga rufewar ce ke ciyar da zancen. Na riƙa faɗa wa duk wanda ya tambaya. Abin da ya ba ni mamaki, mutum nawa ne suka dawo a keɓe suna cewa su ma suna da suga, ba wanda ya sani ko a gidansu.

Azumi ya zo ina wata bakwai da tiyata. Likita ya ce kada in yi, don ba zan iya shan ruwan da zai ishe ni tsakanin magariba da asuba ba, kuma buɗa-baki da gaggawa zai wahalar da tumbin. Malam ya ce mara lafiya yana da sauƙi a Alƙur'ani, in rama in na samu dama. Na rama da sanyin hunturu, ɗaya-ɗaya. Ranar farko ta watan azumin, da aka kira magariba gida ya ɗauki hayaniyar buɗa-baki, na shige ɗaki na rufe ƙofa.

Da shekara ta cika, nauyina 89. Gwajin wata uku 5.9, wata shida ke nan ba metformin. Likita ya ce kalmar da suke amfani da ita ita ce lafawa, ba warkewa ba: in gwajin ya tsaya ƙasa da 6.5 aƙalla wata uku ba magani, ciwon ya lafa, amma yana iya dawowa, musamman ga wanda ya daɗe da shi ko ya kai ga allura kamar ni. Maiƙon jini ya sauka, kwalastarol mai amfani ya hau. Marar amfanin bai sauka sosai ba, kuma an ce haka takmim take, don haka ina nan kan maganinsa. Na yi gardama a kan wannan, na ce me ya rage kuma. Ya ce shekarun da suga da hawan jini suka yi suna cin jijiyoyina ba a goge su da tiyata, ga tarihin mahaifi. Hoton zuciya ya nuna kaurin bangon ya ragu. Minshari ya tafi. Baƙin wuya ya dushe a hankali, har ban san ranar da ya ɓace ba. Ina hawa benen shago da bandir a kafaɗa.

Ba na ce wa kowa ya je a yi masa. Ƙanena yana da suga shekara biyu, nauyinsa bai kai nawa na da ba, kuma na ce masa ya fara da abinci da tafiya da magani tsakani da Allah, ga sababbin allurai masu aiki irin na GLP-1 ga wanda aljihunsa zai iya. Abin da ke ci mini rai shi ne shekarun da na yi da baƙin wuya da tumbi ana taya ni murna, lokacin da gwajin jini ɗaya da awon ƙugu za su iya nuna inda aka dosa. Yarana maza biyu na kai su an gwada su. Babban, mai shekara 22, yana kan 5.8, ya shiga matakin gargaɗi. Mun cire lemon kwalba daga gidan gaba ɗaya.

Yanzu ina cikin shekara ta uku. Tumbin ya ɗan saki, yunwa ta dawo, ba kamar da ba amma ta dawo. Na gano fura da kunu da shayi mai suga suna wucewa ba tare da sun cika ni ba, kuma ta nan kilo 5 suka lallaɓo. Gwajin watan jiya ya nuna 6.3. Likita ya ce in ya taɓa 6.5 za mu koma metformin, kuma kada in ɗauki hakan faɗuwa. Ya ƙara mini da ɗaga nauyi sau biyu a mako, don tsoka ce ke shanye mafi yawan sugan da aka ci. Na sa an cika mini galan biyu da yashi, suna bayan ƙofar ɗaki. Bayan asuba ina tafiya minti 40 kafin rana ta yi zafi, matata na bina kwana uku a mako. Gwaji na gaba saura mako tara.